Sitiyarin da Vernon Ya Sauya

"Ki ƙara masa ƙarfi, Nadine. Ƙarfe ne, ba ƙwai ba."

"Idan ka fi ni iyawa, sauko ka yi," in ji Nadine daga ƙarƙashin motar. Ba a ganin komai nata sai takalma da bakin wando. "Shekara hamsin da huɗu wannan notin yana barci a nan, ka ce yau ɗaya zai tashi don ya ji muryarka?"

"Surutunki ya fi aikinki yawa."

Vernon Pasko yana zaune a kan kujerar roba a bakin gareji, da bargo a cinya duk da watan Agusta ne. Wani siririn tiyo ya taso daga tukunyar iskar da ke gefensa, ya zagaye kunnuwansa ya shiga hanci. Hannunsa na dama yana motsi shi kaɗai, yana juya sifanar da ba ta hannunsa. Nadine ta zura wa tata sifanar dogon bututu, ta cije leɓe ta ja. Kafaɗarta ta riga notin yin ƙara. Sai ji kake ƙas! Tsatsa ta zubo mata a fuska.

"Ya saki!" ta ce tana tofar da yawu.

Vernon ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Ta kwanta shiru tana jira har tarin ya lafa. Ta koyi wannan a 'yan makonnin nan: idan ta fito da sauri ta tambaye shi lafiya, fushi yake yi.

Shekara talatin da uku suna maƙwabtaka a wannan layi na garin Flint, katangar waya ce kawai tsakaninsu. Dukansu a masana'antar motoci suka ƙarar da ƙuruciyarsu, shi a wajen gyaran injuna, ita a kan layin haɗa ƙafafun mota, inda ta bar lafiyar kafaɗarta ta dama. Mijinta Ray ya rasu shekara tara da suka wuce. Matar Vernon, Lois, ta bi bayansa da shekara uku. Tun daga nan kowace safiya Nadine takan dafa kofi na mutum biyu, ta miƙa masa nasa ta saman katanga, su yi musu a kan yanayi da ƙwallo da wanda ya fi lalata ciyawar gidansa. Shi ke nan. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba cewa kafin ta fito da kofin takan tsaya gaban madubi ta gyara gashinta.

Ita kuwa motar, duk layin sun san ta. Ƙirar 1970 ce, koriya mai duhu da zane fari biyu a kan bonet, injinta mai silinda takwas. Idan Vernon ya tayar da ita, tagogin gida uku sai sun amsa. Sabuwa dal ya saye ta da ya dawo daga soja, kuma bai taɓa yarda a canza mata ko madubi ba. "Yadda ta fito daga masana'anta haka za ta tsufa," abin da yake faɗa ke nan ga duk saurayin da ya kawo masa shawarar zamani. Sitiyarinta irin na da ne, babu famfon da ke taimakon direba, sai dai ƙarfin dantse. Ga shi kuma shekaru sun cinye haɗe-haɗen ƙasa, har sitiyarin yana lilo kusan faɗin tafin hannu kafin taya ta san an yi mata magana.

A watan Yuni likita ya gaya masa gaskiya game da huhunsa, ya kuma hana shi tuƙi. Vernon bai ce wa Nadine komai ba sai da Yuli ya raba. Wata safiya ya karɓi kofinsa ya ce, "Ina so ki kai ni Munising."

Garinsu ke nan, can arewa a bakin babban tafki, tafiyar awa shida.

"To mene ne a ciki? Ga motata nan."

Ya leƙa 'yar motarta da ke fake a ƙofar gida, ya yamutsa fuska. "A wannan gwangwanin madarar? In shiga garinmu a cikinsa, mutane su ce an kawo Vernon ne a jakar cefane?"

"Su wa? Waɗanda suka san ka duk sun mutu."

"Su nake nufi."

Ranar ta shiga koriyar, karo na farko a rayuwarta a kujerar direba. Ta sa giyar baya, ta zo karya kan motar ta hau titi, ta ja sitiyari da hannu biyu. Wani abu kamar an soka mata wuƙa ya ratsa kafaɗarta, ta saki ƙara ba ta sani ba. Motar ta tsaya rabi a titi rabi a gida, sai da wani maƙwabci ya zo ya mayar da ita. Bayan kwana huɗu motar kai kaya ta sauke kwalaye shida a ƙofar garejin Vernon: sabon akwatin sitiyari mai aiki da mai, famfo, bel, tiyo biyu, da duk sandunan da ke haɗa sitiyari da tayoyi.

"Kai da ka ce ba za a taɓa ta ba?" ta tambaye shi.

"Na ce. Yanzu kuma na ce a taɓa. Motata ce ko taki?"

Ta koma gida ta tsaya a gaban kwanon wanke-wanke, ta daɗe famfo yana zuba ba ta sa hannu a ruwan ba.

Haka suka fara, shi baki ita hannu. Bai yarda a kai wa bakanike ba. "Yaran yanzu kwamfuta suke tambaya kafin su kwance noti," in ji shi. Sukan yi awa biyu da safe kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ya koya mata ta ƙirga sau nawa kowace sanda ta juya kafin ta fita, ta rubuta da alli a bango, don sabuwar ta zauna daidai inda tsohuwar ta tashi. Ranar da suka sauke tsohon akwatin, ya sa ta ɗora masa shi a kan benci. Ya shafa baƙin girisin da ya daskare a jikinsa da babban yatsa, ya juya sandarsa yana sauraro.

"Kin ji? Haƙoransa sun ƙare. Irina."

"Kai ai bakinka bai ƙare ba."

A mako na biyu aikin ya cije. Sun ɗaura sabon akwatin, Nadine ta zo haɗa shi da sandar da ke saukowa daga sitiyari, mahaɗin ya ƙi shiga. Ta juya, ta shafa mai, ta buga a hankali. Vernon ya ce ta kawo masa. Ya sa tabarau ya ƙirga tsagogin ciki da bakin fensir, sau biyu.

"Ba nasa ba ne. Ni na yi kuskure wajen oda." Ya cire tabarau ya riƙe. "Shekara arba'in ina wannan aiki."

Ta buga wa kamfanin kayan waya. Wata yarinya mai fara'a ta ce irin wanda suke nema ya ƙare, sai nan da kwana tara.

"Kwana tara ba komai ba ne," in ji Nadine bayan ta ajiye wayar.

"A wajenki," ya ce. Bai faɗa da zafi ba, shi ya sa maganar ta fi yi mata ciwo.

Kwanakin taran nan sun ci shi a gaban idonta. Tafiya daga falo zuwa gareji ta koma sai ya huta sau biyu. Ma'aikaciyar jinya ta fara zuwa kullum maimakon sau biyu a mako. Nadine tana kai masa romon kaza, ya sha cokali huɗu ya ture, ya ce gishiri ya yi yawa, gobe ya ce bai ji ba. Da yake babu aikin yi, sai ya shiga ba ta labarin Munising. Mahaifinsa masunci ne, yana da rumfar ƙyafe kifi a bayan gida, ƙamshin hayaƙin yana kama tufafinsu har yara a makaranta suna kiransa Ɗan Kifi. Yana shekara goma sha takwas ya tsere, ya rantse ba zai sake cin kifi ba.

"Da na sayi motar nan, washegari na kama hanya don in nuna wa tsoho. Na faka a ƙofar gida, na taka injin har kaji suka watse. Ya fito yana goge hannu, ya zagaye ta sau ɗaya, ya leƙa but ɗin baya. Kin san me ya ce? 'Kifi nawa take ɗauka?'"

Nadine ta yi dariya har da hawaye.

"Na yi fushi na juyo ko kwana ban yi ba. Wawa." Ya ja numfashi, ya jira ya isa. "Yanzu ba abin da nake so kamar in zauna a bakin ruwan nan a watan Satumba, in ci ƙyafaffen kifi da hannu a cikin takarda. Ruwan yana yin wani launi a lokacin, Nadine. Ba zan iya kwatanta miki ba. Sai kin gani."

"Zan gani."

Ranar da mahaɗin ya iso, garin ɗaura shi sifana ta zame ta ɓare mata fatar yatsu biyu. Ta fito tana yarfe hannu tana zagin ƙarfen da wanda ya ƙera shi. Vernon ya ce ta matso. Ya kama hannun ya juya shi, ya goge baƙin mai da gefen bargonsa a hankali, yana duba raunin kamar yadda yake duba kayan inji. Tafinsa da sanyi. Ya gama dubawa bai saki ba.

"Ray ya yi sa'a," ya ce.

Maganar da ta shekara shida tana ɗauke da ita ta taso har bakinta. Ta dubi tiyon da ke hancinsa, ta dubi hoton Lois da ke maƙale a jikin kabad ɗin kayan aiki, ya koɗe saboda rana.

"Lois ma ta yi," ta ce.

Ya gyaɗa kai, ya saki hannun. "Ki sa filasta. Kada ki zuba min jini a sabon akwati."

Sun gama ranar Laraba ta farkon Satumba. Ta ɗaga gaban motar da jak, ta cika famfo da jan mai, ta zauna tana juya sitiyari daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, injin a kashe, shi kuma yana leƙen kumfar da ke tasowa. Sau ashirin ya ce, amma sai da ta yi talatin da biyu kafin ya yarda iska ta fita. Suka sauke ta, suka ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba kowane gefe, tana gwaji da tef tana faɗa masa, yana cewa ƙara rabin juyi, rage kaɗan. Da ya gamsu, ya ce, "To, tayar."

Injin ya kama, layin ya ɗauka. Ta taimaka masa ya shiga, ta ajiye tukunyar iskar tsakanin ƙafafunsa. Ta sa giyar baya, ta shirya kafaɗarta don zafi. Da ta taɓa sitiyarin sai ya bi hannunta kamar ya daɗe yana jira. Motar ta karya kai ta hau titi ba gardama.

"Vernon!"

"Dubi hanya, ba ni ba."

Suka bi ta gaban cocin unguwar, suka wuce filin da masana'antarsu take a da, yanzu sai ciyawa da shingen waya. Da suka fita gari suka hau miƙaƙƙen titi tsakanin gonakin masara, ya ce ta taka. Ta taka. Motar ta yi gurnani ta miƙe, iska tana shigowa ta tagogi tana kaɗa farin gashinsa. Ya miƙo hannun hagu ya ɗora yatsu uku a ƙasan sitiyarin, ya rufe ido.

"Saki."

"Ka haukace?"

"Saki, na ce."

Ta ɗaga hannayenta kaɗan. Motar ta ci gaba ɗoɗar, ba ta karkata ko ina ba. Ta ga bakinsa yana motsi kamar mai ɗanɗanar abinci.

"Ko ranar da na saye ta ba ta yi haka ba," ya ce. "Shekara hamsin ina kokawa da ita a banza. Da na sani."

"Da ka sani da me?"

Ya buɗe ido ya dube ta, ya daɗe, sannan ya mayar da kai ga gonaki. "Da abubuwa da yawa. Riƙe motarki, ga kwana can."

A hanyar dawowa suka tsayar da Asabar. Za su tashi da ƙarfe bakwai, su tsallake gadar Mackinac kafin rana ta take, su isa da sauran haske. Ta ce za ta gasa kek ɗin tuffa na hanya. Ya ce kada ta cika kirfa irin na bara.

Alhamis ya tashi da zazzaɓi. Ma'aikaciyar jinya ta auna shi, ta ja Nadine zuwa kicin ta ce mata maganar tafiya ba ta taso ba, kuma gara a kira 'yarsa. Vernon ya ji daga falo. "Asabar ta sama," ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Tafkin ba gudu zai yi ba."

Paula, 'yarsa tilo, ta iso daga Houston ranar Juma'a da ƙaramar jaka da kumburarrun idanu. An kawo gadon asibiti an kafa a falo kusa da taga. Nadine ta riga ta gasa kek ɗin, sai ta kawo shi, su biyu suka ci a tsaye a kicin. Asabar ta zo da rana mai kyau, sararin sama tas babu ko ɗigon gajimare. Nadine ta ƙi kallon taga.

Litinin da la'asar ya farka da hankalinsa garau. Paula tana gefe tana shafa masa mai a leɓe. Ya nemi Nadine da ido.

"Kin sake ɗaure notocin bayan tafiyar nan?"

"Na ɗaure."

"Mai fa? Ya sauka?"

"Ban duba ba."

"Ga ta nan. Ma'aikaciyar banza." Muryarsa ta koma kamar takarda. "Je ki duba. Ki tayar da ita, ki juya har ƙarshe. Idan famfon yana kuka, akwai sauran iska."

"Baba, ka bar Anti Nadine ta zauna mana," in ji Paula.

"Minti biyar ne," Nadine ta ce, ta miƙe.

Man yana daidai kan layi. Ta tayar da injin, ta bar shi ya daidaita, ta juya sitiyari zuwa hagu har ƙarshe, ta dawo da shi dama har ƙarshe, tana kasa kunne. Babu kuka, babu ko ƙis. Ta sake yi don ta tabbata, saboda ta san zai tambaye ta sau nawa. Ta kashe, ta goge hannu, ta taho da sauri da amsarta a baki.

Paula tana tsaye a ƙofar kicin, hannu ɗaya a kan ƙyauren, ɗayan a kan bakinta. Nadine ta tsaya a matakala ta biyu.

"Yana jin ƙarar," Paula ta ce da ƙyar. "Ya ce in buɗe taga. Na juya in buɗe, na juyo..."

Nadine ta shiga ta zauna a kujerar da ta tashi daga kai. Har yanzu da ɗuminta. An cire masa tiyon, fuskarsa ta koma irin wadda ta sani a saman katanga. Ta ɗora hannunta a kan nasa, ta ce a hankali, "Famfon ba ya kuka, Vernon. Lafiya lau yake."

Aka binne shi kusa da Lois ranar Juma'a. Tsofaffin abokan aiki bakwai suka zo, biyu a keken guragu, suka ci abinci a zauren coci suna ba da labarin taurin kansa. Bayan kwana biyu Paula ta shigo gidan Nadine da makullin motar a tafin hannu.

"Anti, ni a bene na tara nake zaune, ba ni da inda zan ajiye ta. Ke kika sha wahalarta. Ki riƙe."

Nadine ta dubi makullin. Ta ga kanta a kan gadar nan ita kaɗai, kujerar gefe babu kowa, ta isa garin da ba ta san kowa ba ta tsaya gaban ruwa, ba wanda zai ce mata ga launin da nake gaya miki.

"A'a, 'yata. Ki ba wanda zai hau ta. Mota irin wannan idan ta zauna lalacewa take yi."

Mai sayen ya zo daga Toledo a ƙarshen Oktoba, wani mai furfura a gemu, shi da matarsa. Tun da safe Nadine ta fito da motar daga gareji ta faka a gaban gida ta goge ta, sai kuma yayyafi ya sauko. Mutumin bai damu ba. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi da tocila, ya daɗe, ya fito yana kaɗa kai.

"Wa ya yi muku aikin sitiyarin nan? Ko ƙusa ɗaya bai bari a kwance ba. Wane gareji ne?"

"Ba gareji ba ne," in ji Nadine. "Mu biyu ne."

Mutumin ya dube ta, ya dubi gidan da aka rufe labulensa, ya cire hularsa ya riƙe na ɗan lokaci a cikin yayyafin. Sannan ya shiga, matarsa ta shiga gefensa tana gyara gashi. Ya fitar da motar da hannu ɗaya. Nadine ta tsaya tana jin gurnanin injin yana raguwa, ya karya kwanar coci, ya ɓace.

Inda motar ta tsaya tun safe simintin a bushe yake, fari, dogon murabba'i a tsakiyar jiƙaƙƙen fili. Ɗigon farko ya faɗa a ciki, sai na biyu. Nadine ta ja rigar sanyinta ta rufe wuya, ta tsaya a bakin katanga tana kallo, har wurin ya yi duhu ya saje da sauran.